Mujallar ɗalibai: mu buga a takarda ko mu saki PDF?

'Yar Aji Uku: Assalamu alaikum. An damƙa mini mujallar adabi ta ƙungiyarmu, mu shida ne, duk aikin sa-kai. Mun tara waƙoƙi 22, gajerun labarai 5 da zane-zane masu launi, shafi 48 a A5. Kuɗin asusu N170,000 ne, jarabawa saura sati biyar. Mu buga kwafi 150, ko mu saki PDF mu adana kuɗin? Waɗanda suka taɓa yi, a taimaka.

Ɗan Hostel: Wa'alaikumussalam. Ku fara tara rubutu tukuna, shi ne mai wuya.

'Yar Aji Uku: Malam, ai na ce mun tara.

Tsohon Edita: Ƙanwata, ki saurare ni. A 2022 mun ba wani mai ɗab'i kashi 70 na kuɗin aiki, sai aka shiga yajin aikin nan na malaman jami'a na wata takwas. Kowa ya tafi gida. Da muka dawo ya ce rim ɗin takarda ya tashi, sai mun cika. Muka cika daga aljihunmu, ni har kuɗin project ɗina na taɓa. Ranar da na buɗe kwalin sai da na zauna a ƙasa: duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke, ɗan akwati ne ya fito, saboda kwamfutarsa ba ta da font ɗinmu. Waƙar wata yarinya da ta yi wa mahaifinta marigayi, ko baiti ɗaya bai tsira ba. Ta karɓa ta yi godiya, ba ta ƙara kawo mana rubutu ba. Har yau abin na cina. Kada ki ba masu ɗab'i fayil ɗin manhajar zane ta CorelDraw haka kawai, ki mayar da rubutun curves (wato haruffan su koma zane) ko PDF, kuma sai kin ga kwafin gwaji da idonki kafin ki biya.

Mai Zane: Allah Sarki. Kan farashi kuwa, mu a zangon da ya wuce N900 aka yi mana kowane kwafi, bango mai launi, ciki baƙi da fari.

Maman Twins: N900 a ina? Mu N2,300 aka ce mana, kuma takarda gram 70.

Mai Zane: Naku DI ne, wato bugu kai-tsaye daga kwamfuta. In kwafi ya yi yawa, plate, wato farantin da ake ɗora wa babban injin ɗab'i, ya fi sauƙi.

Maman Twins: Ita 150 ta ce. Wa zai yanka plate a kan 150? Kuma nata cikin ma launi ne.

Ɗan Hostel: Ku buga dai, masu ƙosan bakin gate na jiran takardar naɗi 😂

Malamin Sakandare: Ba abin dariya ba ne. Abin da aka buga shi ke zama. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fita a Zariya, har yau masu bincike na duba ta. Ku nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, a Laburaren Ƙasa, ku kai musu kwafi uku kamar yadda doka ta ce.

Mai Zane: Malam, da girmanka, yaushe rabonka da shiga wurin ɗab'i? Zamaninku sashe ke biya.

Malamin Sakandare: Ɗana, mu ma karo-karo muka yi.

Tsohon Edita: Karo-karo ya fi bikin ƙaddamarwa sau dubu. Wani babban baƙo ya miƙe a taronmu ya ce ya sayi kwafi ɗaya N100,000, aka yi ta tafi. Sau huɗu ina zuwa ofishinsa, kullum ya yi tafiya.

Maman Twins: Wallahi mu ma haka. Har hotonsa muka sa a cikakken shafi, muka cire labarin wani yaro don ya samu wuri.

'Yar Aji Uku: To ni dai in buga ko kar in buga? Gobe za mu zauna.

Tsohon Edita: Maman Twins, naku ko kuɗin lemon taron ya mayar muku?