Wace kalma za mu ba wa "liability" idan cunkoso ya ji wa mai saye rauni?

Malamai da lauyoyinmu na Kano, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Turawa ke kira "liability", wato nauyin da doka ke ɗora wa mai shago idan turmutsutsu ya karya wani ko ya tattake shi a cikin shagonsa. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari a goman ƙarshe na azumi ya san wannan magana ta shafe mu.

An kawo "diyya", amma diyya ita ce abin da ake biya bayan hukunci, mu kuwa muna neman sunan abin da ke wajabta biyan.

"Alhaki" ta fi kusa, shi ya sa masu labarai ke yawan amfani da ita. Damuwata ita ce, idan Bahaushe ya ce alhakin wane yana wuyanka, hankalinsa ya fi tafiya lahira, kuma iyalan wanda aka tattake sukan ce sun bar wa Allah, alhali akwai haƙƙin da kotu za ta iya karɓar musu tun a duniya.

Ni na fi gamsuwa da "lamuni", domin da ita malamanmu na zaure ke fassara "damani" a karatun fikihu: wanda sakacinsa ya jawo ɓarna, shi zai lamunce. Na san bankuna sun mayar da ita sunan rance, amma idan muka ce "lamunin mai riƙe da wuri" babu wanda zai ruɗe. Na ce mai riƙe da wuri da gangan, saboda dokar Ingila ta 1957 kan raunin da mutum ya samu a wurin wani ta ɗora nauyin a kan wanda ke iko da wurin, ko da ɗan haya ne, kuma yawancin 'yan kasuwarmu haya suke yi.

A Nuwamban 2008, jama'a sun ɓalle ƙofar kantin Walmart a jihar New York ranar rangwame, ma'aikaci ɗaya ya mutu, masu saye suka jikkata. Hukuma ta ci kamfanin tara, domin ya san taron da ya gayyato bai kuma shirya masa ba. Irin wannan sakacin nake so kalmar ta kama. Allah gafarta malamai, shin "lamuni" za ta ɗauki raunin jiki kamar yadda take ɗaukar ɓarnar dukiya?