Masu tsaro da tsinto ƙwallo: suna cikin manyan ƙwallon kwando kuwa?

Dogon Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya gardama ta sarƙe mana a fili, har aka kira magariba ba mu rabu ba. Wani ƙanenmu ya kafe cewa Dennis Rodman bai cancanci shiga cikin gwanayen 'yan wasa 75 na tarihi da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta zaɓa a 2021 ba, wai mutumin da makinsa bai kai takwas a wasa ba, me ya kai shi sahun su Jordan? Na ce masa kaka bakwai a jere, daga 1992 zuwa 1998, babu wanda ya fi shi tsinto ƙwallon da ta ƙi shiga kwando, ga kofi biyar. Ya ce kofunan abokan wasansa ne, Michael Jordan da Isiah Thomas. Don Allah wanda ya taɓa wasa da irin wannan mutum, ko shi kansa ne, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Senta:
Wa alaikumus salam. Ni ne irin mutumin, shekara shida ina wannan aiki a ƙungiyar makarantarmu. Koci ya hana ni jifa sai in ina gindin kwando. Aikina in juya baya in tokare mutum, ina jin numfashinsa a ƙeyata, idona na kan hannun mai jifa. In daga dama aka jefo, yawanci hagu take faɗowa, sai in riga kowa isa can. A wani wasan ƙarshe ana binmu maki ɗaya, saura ƙasa da minti, muka jefa sau uku tana ƙin shiga, sau ukun ina ƙwato ta a tsakiyar mutum biyu. A na huɗu abokina ya zura. Shi aka ɗaga sama, ni kuwa na koma gida da fasasshen leɓe, gwiwar hannun wani ta same ni. Wallahi na yi murna, amma na san wanda ya ba shi damar nan ta huɗu. Shi ya sa da na kalli wasannin ƙarshe na 1996 tsakanin Chicago da Seattle, inda Rodman ya ƙwato ƙwallo 11 a gindin kwandon abokan hamayya a wasa ɗaya, kuma ya maimaita, na ji abin a jikina. Duk ƙwallo ɗaya da ya ƙwato, Jordan ya sami wani jifan ke nan.

Ɗan Sabon Gari:
Yaya, girmanka ne, amma bari in faɗi nawa. Muna da wani mai tsaro a ƙungiyarmu, ba a wuce shi. Sai dai da wasa ya zo ƙarshe, abokan hamayya su sake shi su taru biyu a kaina, mu koma huɗu da biyar. Haka Ben Wallace: gwarzon tsaro sau huɗu, ya taka babbar rawa da Detroit ta doke Lakers ɗin Shaq da Kobe 4-1 a 2004, amma jifan kyauta goma, da ƙyar huɗu ke shiga. Ina sa shi cikin manya, ba na sa shi kusa da Hakeem Olajuwon. Ɗan Legas ɗin nan ya doke ƙwallo 3,830, wato ya tare jifan abokan hamayya kafin ta kai kwando, har yau ba a kamo shi ba, kuma a 1994 ya haɗa gwarzon kaka da gwarzon tsaro da gwarzon wasannin ƙarshe.

Malama Koci:
Ɗana, ka manta Bill Russell, kofi 11 cikin kaka 13 a Boston, da makin da bai wuce 15 da ɗoriya ba. A zamaninsa ko ƙirga doke ƙwallo ba a yi, sai a 1973 aka fara. 'Yan matan da nake horarwa kowace Stephen Curry, gwanin jifa daga nesa, take son zama. Akwai ɗaya doguwa, shiru-shiru, ranar da ba ta zo ba sai a yi ta shigo mana kwando kamar gidan da ba ƙofa. In tana nan, ina ganin yarinya ta taho da gudu, ta ɗaga kai ta gan ta, ta juya da ƙwallonta. Wannan ba ya fitowa a takardar lissafi. Na nuna mata bidiyon marigayi Dikembe Mutombo, gwanin tsaron Denver, a 1994, kwance a ƙasa ya rungume ƙwallo bayan Denver ta fitar da Seattle, sau uku ta ce in maimaita mata.

Dogon Fagge:
Na gode, Malama. Yaya Senta, ko za ka leƙo filinmu ranar Asabar bayan la'asar? Zan kawo ƙanen namu, mu tsayar da shi a gindin kwando tare da kai na minti goma.