Daga wane faifai zan fara sauraron Jennie Tourel?

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina karanta tarihin mawaƙiyar Amurka Barbara Hendricks ne na ci karo da sunan malamarta, Jennie Tourel, wadda ta koyar da ita a makarantar Juilliard ta New York. Da na nemi waƙoƙinta sai na tarar suna da yawa, kuma cikin harsuna daban-daban, har na rasa ta inda zan kama. Ina roƙon wanda ya san ta ya nuna mini mafari.

Malam Babba: Wa alaikumus salam, Auta. Kin yi tambaya a kan mawaƙiyar da na daɗe ina jin takaicin yadda aka manta da ita. Kafin faifai, ki fara sanin hanyar da ta biyo, domin ita ce za ta fassara miki abin da kunnenki zai ji. An haife ta a 1900 a garin Vitebsk, wanda yanzu yake cikin Belarus, a gidan Yahudawa, kuma sunan gidansu Davidovich. Juyin juya halin Rasha ya tashe su, suka zauna a Danzig kafin su tare a Paris. Sarewa da fiyano ta fara koya, sai daga baya ta koma ga murya a hannun wata malama mai suna Anna El-Tour. Muryarta ta tsakiya ce a cikin muryoyin mata, ba mai siririn tashi ba, kuma a 1933 ta fito a matsayin Carmen, jarumar wasan opera mai wannan suna, a gidan Opéra-Comique na Paris. A 1940, dab da shigar sojojin Hitler cikin Paris, ta tsere ta Lisbon, ta bi ta Kyuba da Kanada har ta isa New York. Wannan ne karo na biyu da ta bar gida ba da son ranta ba.

Shawarata ita ce ki fara da Jeremiah, simfoni (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa) na Leonard Bernstein, Ba'amurke mai tsara kiɗa kuma jagoran makaɗa. Ita ce ta rera shi ranar da aka fara gabatar da shi a Pittsburgh, cikin Janairun 1944. A kashin ƙarshe ne muryar take shigowa, da Ibrananci, da baitocin Littafin Makoki waɗanda suke kukan birnin da ya zama kufai bayan cikarsa da jama'a. A daidai lokacin ana hallaka Yahudawan Turai, ita kuwa ba ta cika shekara huɗu da kuɓuta ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ta kwarara kuka a cikin waƙar. Tana riƙe muryar ne kamar dattijuwar da ta zo ta'aziyya ta hana kanta zubar da hawaye a gaban yara.

Ɗanlami: Malam, a ba ni izinin ƙara gyara ɗaya don kada Auta ta ɓata. Faifan farko na Jeremiah, wanda aka ɗauka a 1945, Nan Merriman ce a ciki. Wanda Tourel ta rera shi ne na 1961 tare da ƙungiyar makaɗan New York Philharmonic. A duba sunan mawaƙiya kafin a saukar.

Gwaggo: Ina girmama ra'ayin Malam, amma ni ba zan ɗora wa mai farawa wannan nauyi a ranar farko ba. Auta, 'yata, ki fara da Faransanci, harshen da ta yi suna da shi. Ki nemi Shéhérazade na Ravel, Bafaranshe mai tsara kiɗa, wanda ta ɗauka tare da Bernstein. Ko ba kya jin harshen, ki buɗe rubutun baitocin ki bi su da ido tana rerawa, za ki ga babu gaɓar da ta haɗiye, babu kalmar da ta sadaukar don ta ƙawata sauti. Mu da muka taso muna auna mawaƙi da fitar kalmominsa ba za mu sha wahalar gane darajar wannan ba. Bayan nan sai ki koma harshen da ta sha a nono, ki saurari waƙoƙin mutuwa na Mussorgsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, da Rashanci, inda Bernstein da kansa yake kaɗa mata fiyano. A can za ki ji ta sauya gaba ɗaya: mutuwa ce take magana, wani lokaci da lallashi kamar mai reno, wani lokaci da izza kamar sarkin yaƙi, kuma duk da murya ɗaya.

Malam Babba: Na karɓi gyaran Ɗanlami, kuma ban ƙi ta Gwaggo ba, sai dai ina nan a kan bakana game da Jeremiah. Tun da an ambaci Bernstein a bakin fiyano, ga wani abin da ya kamata Auta ta sani. A ranar 13 ga Nuwamba, 1943, Tourel ta yi taron waƙarta na farko a Town Hall na New York, inda ta rera wasu gajerun waƙoƙin Bernstein, shi yana kaɗa mata, alhali a lokacin matashi ne da ba a sani ba. Washegari jagoran makaɗa Bruno Walter ya kwanta rashin lafiya, aka kira Bernstein ya jagoranci New York Philharmonic a madadinsa, daga nan sunansa ya cika Amurka. Amincinsu ya ɗore shekara 30, kuma shi ne ya yi jawabin ban kwana a jana'izarta. Ita ma ɗin haka ƙofa ta buɗe mata: babban jagoran makaɗa Toscanini ya zaɓe ta a 1942 ta rera waƙar Berlioz, sai takwarorinsa Koussevitzky da Stokowski suka biyo baya.

Ɗanlami: Ga mai son wasan opera, ita ce ta fara fitowa a matsayin wata mata mai suna Baba Baturkiya a cikin The Rake's Progress na Stravinsky a Venice, a 1951. Amma ni inda na fi jin ta shi ne waƙoƙin mai tsara kiɗa Mahler da Jamusanci, musamman ɗan gajeren kashi na huɗu a simfoni ta biyu, a faifan 1963. Ta haura shekara 60 a lokacin, muryar ta ɗan yi kaushi, sai dai natsuwar da ke ciki ban ji irinta a wurin matasa ba. Akwai kuma fim ɗin taron da aka yi a Dutsen Scopus na birnin Ƙudus a Yulin 1967, inda ta rera Mahler ɗin. Ina ambata shi da sharaɗin Auta ta san cewa bikin nasara ne na Isra'ila bayan yaƙin kwana shida, yaƙin da ya raba Falasɗinawa masu yawa da gidajensu, don haka ba kowa ne zai kalle shi da zuciya ɗaya ba.

Gwaggo: Ka kyauta da ka faɗi wannan, Ɗanlami. Mu koma ga abin da ya kawo Auta, wato koyarwa. Tourel ta koyar a Juilliard da kuma makarantar bazara ta Aspen, ba ta kuma ajiye dandali don ta koyar ba. Tana aji tana waƙa har shekarar rasuwarta, domin ta rasu a New York ranar 23 ga Nuwamba, 1973. Hendricks kuwa kimiyya da lissafi ta karanta a jami'a kafin ta zo hannunta. Shawarata ta ƙarshe, ki saurari malamar a waƙar Faransanci, nan take ki sa ɗalibar a irin wannan waƙa. Muryoyin sun sha bamban, ta Hendricks siririya ce mai haske, amma ki kasa kunne ga yadda kowacce take ajiye kalma a muhallinta, za ki ji abin da ya wuce daga wannan zuwa waccan.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan bi tsarin Gwaggo a wannan makon, Ravel sannan Mussorgsky, in ajiye Jeremiah sai daren Juma'a lokacin da gida ya yi shiru. Malam, idan kana da baitocin Makokin a rubuce, ina so in karanta su tukuna kafin in ji ta.