'Ya'yanki ko 'ya'yansa?

Maman Hanif: Jama'a raina a ɓace yake. Wata bakwai da sakina, yara uku suna hannuna a gidanmu a Jahun. An zaunar da mu a wajen masu sulhu, ya sa hannu zai riƙa kawo dubu 20 duk wata. Sau biyu ya kawo, ya ɗauke ƙafa. Na koma, aka ce sai kotu. To takardar ta mece ce? Ni kaɗai zan ciyar da 'ya'yana?

Abu Sadik: 'Ya'yanki? Da bakinki kika faɗa. To ki ciyar da abinki.

Hajiyar Yelwa: Kai Abu, ji tsoron Allah. A cikinka suka yi wata tara?

Abu Sadik: Hajiya, sunan wa suke amsawa a makaranta?

Malamin Gwallaga: A Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare, muddin uwar ba ta yi wani aure ba. Ci da tufafi kuwa na uba ne. Hisbah da jami'an walwala sulhu suke yi. Alƙali ne ke yanka adadi gwargwadon samun uban, shi ke iya tilasta shi. Baiwar Allah, kai takardar nan kotun shari'a, hujja ce.

Abu Sadik: Kun ji ko? Malam ya ce na uba ne.

Ummu Zara: Ciyarwa ya ce! Ka wanke kunnenka.

Ɗan Muda Lawal: Ni dai maƙwabcina duk abin da ya aika, anko ake yi da shi.

Ummu Zara: Dubu 20? Kai da kake kasuwa, mudun shinkafa nawa za ta saya wa yara uku?

Ɗan Muda Lawal: Dole sai shinkafa? Mu da tuwon masara muka girma.

Hajiyar Yelwa: Shi ya sa kanka ya yi tauri.

Maman Hanif: Don Allah, sai na ɗauki lauya kafin in shigar da ƙara?

Abu Sadik: Hajiya, ki janye maganar kai. Ɗan Muda ƙanena ne.

Admin: Na rufe. A taƙaice, Malam ya tabbatar yara na uba ne, kuma an yi kira ga mata su rage anko. Maman Hanif, haƙuri za ki ƙara, maza ma suna cikin wani hali.