Lauyan gwamnatin da ya danne hujja, shi ma a ɗaure shi?

Kawu na Tudun Jukun: Salamu alaikum jama'a. Ni yau magana ɗaya ce dani kuma bazan janye ba. Duk lauyan gwamnatin da ya san akwai hujjar da zata wanke mutum a shari'ar kisan kai amma ya danne ta, a kai shi ɗakin da wancan ya kwana, yayi shekarun da yayi cif cif.

Ɗan Samaru: Kawu me yayi zafi da sassafen nan?

Kawu na Tudun Jukun: Labarin wani Michael Morton ne ya hanani barci. A Texas ta Amurka aka kashe matarsa, 1987 aka yi masa ɗaurin rai da rai, alhali ɗansu ɗan shekara 3 ya faɗa wa kakarsa cewa dodo ne ya bugi mama, baba baya gida, kuma maganar nan tana cikin takardun mai gabatar da ƙara Ken Anderson amma bai nuna wa lauyoyin mutumin ba. Sai 2011 gwajin DNA a wani ƙyalle mai jini ya nuna wani daban. Kusan shekara 25! Shi kuwa Anderson har alƙali ya zama. Hukuncinsa? Kwana 10, tarar dala 500, ya ajiye lasisi. Kwana 5 ma yayi ya fito.

Barista daga Kongo: Kawu Allah ya ƙara girma, kwana 5 kam raini ne, ban musa ba. Amma in aka ce duk shari'ar da ta rushe a ɗaukaka ƙara sai an ɗaure lauya, wlh ba wanda zai sake taɓa fayil ɗin kisa, dangin mamaci ne zasu yi ta zarya a banza. Shi yasa tun 1976 kotun ƙolin Amurka ta ce ba a neman diyya daga aljihun mai gabatar da ƙara kan aikinsa na kotu. Mu nan ma abinda ɗan sanda ya rubuto shi lauya ke gani, baya wurin lokacin da aka karɓi sitatimen.

Kawu na Tudun Jukun: Barista kar ka juya min magana, ban ce duk shari'a ba. Wanda ya SANI nace.

Malam na Ƙofar Gayan: Ai an raba wannan gardamar tun tuni. Mutum biyu suka yi shaidar sata a gaban Sayyidina Ali, aka yanke hannu, can suka dawo da wani suka ce mun yi kuskure, wannan ne ɓarawon. Ya ƙi karɓar shaidarsu akan na biyun, ya ɗora musu diyyar hannun na farkon, yace da na san da gangan kuka yi da na yanke naku. Kun ga ko mai kuskuren bai tafi haka nan ba.

Barista daga Kongo: Allah gafarta Malam, su da bakinsu suka amsa. Lauya zai ce takarda ce ta shige cikin tari ban ganta ba, ta ina zaka tabbatar da ganganci? Sannan wa zai gurfanar dashi, ba ofishinsu ba? Sashe na 211 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba Antoni Janar na jiha ikon dakatar da ƙara kafin hukunci. An ba kura ajiyar nama kenan.

Ɗan Samaru: To ai ka koma bayan Kawu baka sani ba. Kuma dangin mamacin da kake tausayi, wanda ya kashe matar Morton ɗin ya sake kashe wata mata a 1988, yana yawonsa saboda an riga an rufe fayil akan wani.

Barista daga Kongo: Ni abinda na yarda dashi a ƙwace lasisi, gwamnati ta biya diyya. Ko Nasiru Bello da aka zartar wa hukuncin kisa a jihar Oyo 1981 ɗaukaka ƙararsa na gaban kotu, shi fashi ne ba kisa ba, gwamnati iyalansa suka kai ƙara kuma kotun ƙoli ta basu gaskiya a 1986.

Kawu na Tudun Jukun: Da kuɗin wa aka biya? Harajinmu. Shi wanda ya sa hannu ko kwabo ya fita daga albashinsa?

Maman Hanif: Ku yi haƙuri na tsoma baki, Kawu ina wuni. Duk kuna maganar wanda aka yanke wa hukunci ne. Ƙanina shekara 6 yayi a tsare akan gawar da aka tsinta kusa da shagonsa, ko sau ɗaya ba a kira shaida ba, kullum ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, muka sayar da gonar gado, mahaifiyarmu ta rasu yana ciki, rannan kawai aka ce ba shi da laifin amsawa ya tafi gida. Ko sannu.

Barista daga Kongo: Allah ya jiƙan Inna. Yaya, sashe na 35 yace wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da diyya da neman afuwa a bainar jama'a, sai dai zasu ce ai kotu ce ta tura shi ajiya. Duk da haka kuna da takardar sallamar?

Maman Hanif: Tana nan, zan turo maka ta bayan fage. Amma lauyoyi huɗu suka riƙe fayil ɗin nan, biyu an canza musu wurin aiki ɗaya yayi ritaya. Kawu a cikinsu wanne za a ɗaure?

Kawu na Tudun Jukun: A fara buɗe fayil ɗin, a ga teburin wa ya fi daɗewa akai.