Jan-gwada ya ƙi tsaya mini hoto, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Katsina wajen Ƙofar Guga, kuma Allah Ya sa mini son ɗaukar hoton ƙadangaru, musamman jan-gwada saboda jan kan nan nasa da shuɗin jiki. Waya kawai gare ni. Da na matso sai ya yi wuf ya haye katanga, in kuma na zuƙo shi daga nesa hoton ya fito dishi-dishi. Ga mutanen unguwa sun fara yi mini wani irin kallo, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko wani malami ne ya ce in kawo. Yaya zan yi?

Wani mai hoton biki ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da ƙarfe nawa kake fita? In da azahar ne, ka makara. Ƙadangare ba ya haɗa ɗumin jiki da kansa, rana ce ke ba shi, shi ya sa da hantsi za ka gan shi ya baje a kan bulo yana shanya, jikinsa bai gama saki ba. Lokacinka ke nan, musamman da hunturu. Sai dai jan kan yana ƙara fitowa ne in ya ɗumama, don haka kada ka yi sammako da yawa, za ka same shi duk ya dushe.

Kuma ka bar binsa. Kowane babban jan-gwada yana da wurinsa da matansa, in ka kore shi nan zai dawo. Nemi inda ya saba hawa, ka zauna ƙasa, rana ta bayanka, ka yi shiru. In ya fara gyaɗa kai yana ɗaga ƙirji, danna wurin idonsa a fuskar wayar, ka ɗauka da yawa a jere. Zuƙowar waya yanka hoto kawai take yi, gara ka matsa da gindi kaɗan-kaɗan.

Wata malamar makaranta daga Daura:

Ɗana, maganar tsohuwar nan mai sauƙi ce, nuna mata hoton. Yawancinmu ba mu taɓa kallon idon ƙadangare kusa ba. Ina roƙonka kuma kada ka sa yara su kamo maka, da danƙo za su je, su kawo maka shi wutsiya a guntule. Da damina ka duba shingen gona, akan dace da hawainiya, ita ba ta sauri.

Wani ma'aikacin jinya:

Ni gargaɗi zan yi, tunda irin wannan sha'awa takan kai mutum ga maciji. Gamsheƙa tana feso dafi a ido daga kusan mita 2, ɗaukar hoto da waya kuwa ba zai ba ka tazarar da za ka tsira ba. Kububuwa kuma ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. Kada ka ɗaga dutse ko ka sa hannu a rami. In tsautsayi ya faru, asibiti kai tsaye, ban da tsaga, ban da ɗaure wurin tamau.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. Yaya mai hoto, tsakar da ke fitowa gindin ƙwan lantarki da dare fa, in kunna fitilar waya ko in bar ta?

Mai hoton biki:

Bar ta a kashe, hasken ƙwan ya isa. Jingina hannunka da bango don kada ya yi rawa.