Ya zan koya wa ɗalibai alaƙar masana'antu da ci gaba mai ɗorewa?

Malamin SS2:
Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da Ikonomiks a wata sakandare, mun zo babin masana'antu, littafin kawai jero fa'idodi ya yi, yaran sun haddace amma in ka tambaye su me ya sa rufe kamfani ɗaya ke talauta gari guda sai su yi tsuru-tsuru. Kuma an ce mu riƙa sako batun ci gaba mai ɗorewa, wato ci gaban da ba zai ɓata wa 'yan baya muhalli ba, ni dai na rasa ta inda zan haɗa biyun. Masana a taimaka don Allah.

Ɗan Kakuri:
Wa alaikumus salam Malam. Ai misalin na ƙofar gidanka, masaƙun Kaduna. KTL tun 1957 aka buɗe ta zamanin Sardauna, daga baya su Arewa Textiles da UNTL suka biyo. Ka zana musu a allo: masaƙa na sayen auduga, to manomin Funtua da Gusau ya samu kasuwa, injin gurza ya samu aiki, anguryar da aka cire a matse mai a ba dabbobi sauran, direban tirela ya samu lodi. In atamfa ta fito kuma sai Kantin Kwari, sai tela, sai mai ɗinkin sirfani. Ga masu abinci a bakin get da masu gidajen haya. Da wuta ta ƙi, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa har UNTL ta rufe a 2007, wallahi ba ma'aikata kaɗai suka shiga uku ba, manoma da yawa barin auduga suka yi suka koma masara.

Malama a jami'a:
Abin da ɗan'uwa ya zana shi ne masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi bayani a 1958. Ya raba alaƙar gida biyu, ta baya wato abin da masana'anta ke saye daga wasu, da ta gaba wato waɗanda ke ɗaukar kayanta su yi nasu aikin. Ra'ayinsa ƙasa mai ƙaramin jari ba za ta iya gina komai lokaci guda ba, gara ta zuba a inda zai ja sauran. Wani masanin, Wassily Leontief, kuma teburin lissafi ya tsara mai nuna wa ke saye a wurin wa, har ya ci kyautar Nobel a 1973. Ka sa yaran su yi ƙaramin nasu da sana'o'i huɗu na garinku. Sannan ka ce su gwada da ɗanyen mai, shekaru nawa muna haƙowa ana lodawa a jirgi mu sayo tatacce, kuɗi da yawa amma alaƙa 'yar kaɗan.

Baduku:
Hajiya a gafarce ni, ni ban yi nisa a boko ba amma akwai sayayyar da teburin nan ba ya rubutawa. Kamfanonin jima na Challawa da Sharada a Kano suna sayen fata, mahauta da dillalai sun ji daɗi, gaskiya ne. To ruwan jimar fa mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, ina yake zuwa? Kogi. Mai kamun kifi da mai noman rani a ƙasan kogin su ke biyan kuɗin da ba su ci ba. Kuma fatar mai kyau sai a fitar da ita Italiya da Sifen, mu dukawa mu yi ta neman ta takalmi da tsada. Malam in za ka koyar da ɗorewa to nan ne wurin.

Malamin SS2:
Allah Ya saka da alheri. Wato in ƙara layi ɗaya a teburin na ruwa da ƙasa kenan. Amma Malama ya za su sa wa gurɓataccen ruwa farashi tunda ba sayar da shi ake ba?

Malama a jami'a:
Kar ka matsa musu da naira tukuna. Su fara rubuta wa ya yi asara da me ya rasa, kifi ne ko kayan lambu ko kuɗin asibiti, farashin sai sati na gaba.